Hirar da ake yi a cikin rufin ɗaki

Ranar da na gaya wa mahaifiyata irin aikin da na samu a Ingila, shiru ta yi a waya har na zaci layi ne ya yanke. Can ta nisa ta ce, "Yanzu duk bokon nan da ka yi, birbiri za ka riƙa bi da dare?" Na ce, "Hajiya, saurarensu nake yi, kuma biyana ake yi." Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Me suke cewa?" Zolaya ce ta yi, amma ba ta san cewa tambayar da ta jefo ita ce ainihin abin da ke hana ni barci tun daga lokacin ba.

Ga yadda aikin yake. A Ingila doka ta kare kowane irin jemage tun 1981, shi da makwancinsa. Wanda zai rushe tsohon gida ko ya sauya rufi, in ana zaton akwai jemagu a ciki, sai an turo irinmu mun duba. Mukan isa kafin faɗuwar rana, kowa ya kama kusurwa guda ta ginin, da na'urar sauraro a hannu, mu zuba wa rufin ido. A watan Yuli a kudancin ƙasar rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, saboda haka sallar magariba da fara aiki kusan tare suke zuwa mini.

Wanda na fi shaƙuwa da shi a cikinsu shi ne sarotin. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa na yamma, shi ya sa ni nake ce masa jemagen almuru. Wani Bajamushe mai suna Schreber ne ya sanya shi a littafin kimiyya a 1774. Yana cikin manyan jemagun Birtaniya, amma kada girman ya ruɗe ka: nauyinsa tsakanin giram 15 ne zuwa 35, faɗin fikafikansa kuwa bai kai santimita 40 ba. Kudancin Ingila ya fi zama, wuraren Kent da Sussex da Dorset, kuma kusan ba ya kwana ko'ina sai a gine-ginen mutane, ƙarƙashin tayil ɗin rufi ko a ratar da ke tsakanin bango biyu. Abincinsa ƙwari ne, musamman buzuzu, don haka inda duk aka ga makiyayar shanu a kusa da tsohon gida, nakan shirya ganinsa. Shi ɗan uwan birbirinmu ne mai cin ƙwari. Babban jemagen da ke rataye a bishiyoyi yana shan 'ya'yan itace dabam yake, da ido da hanci yake neman abincinsa.

Sarotin yana da murya iri biyu, kuma rashin bambance su shi ne kuskuren da na fara yi a wannan sana'a.

Ta farko ba magana ba ce, ido ce. Yana ƙwalla ƙara, sautin ya bugi abin da ke gabansa ya dawo, daga amsa-kuwwar ya gane nisan abin da girmansa. Tun shekarun 1790 wani malami ɗan Italiya, Spallanzani, ya lura cewa jemage ko bai gani ba yana kauce wa abin da aka gitta masa. Sai a wajajen 1940 ne Donald Griffin da Robert Galambos suka tabbatar a jami'ar Harvard cewa da sauti yake yi. Kunnen ɗan Adam iyakarsa kilohaz 20, wato girgiza dubu ashirin a sakan guda, kuma wannan ma na yaro ne. Ƙarar sarotin ta fi ƙarfi a wajajen kilohaz 25 zuwa 27, ta ɗan haura abin da muke ji. In na'ura ta sauko da ita, sai ka ji kamar wani yana tafi a hankali amma ba ya bin kiɗa, ya buga biyu ya tsallake ɗaya. Da wannan tafin gurgun muke gane shi. In ya tasam ma ƙwaro kuwa, tafin sai ya haɗe ya zama wani irin "zzzt", alamar ya kai hannu ga tuwo.

Murya ta biyu ita ce maganar da yake yi da 'yan uwansa. Ta fi ta farko tsawo, galibi ta fi ta kauri, wani sashenta ma kunne zalla yana iya kama shi. Akwai dalili: sauti mai kauri ya fi tafiya nesa, siririn kuwa iska ke cinye shi da wuri. Mai son ganin ƙwaro siririn yake buƙata, mai son a ji shi a ɗaya gefen gona sai ya yi ƙasa da murya.

A shekarata ta farko, aikina da safe shi ne in zauna gaban kwamfuta in tace abin da muka naɗo da dare. Kowane sauti yana fitowa a allo kamar zane. Kiran farauta na sarotin siffarsa a fili take, kamar sandar makiyayi mai lanƙwasa a gindi. Duk abin da bai yi kama da wannan ba, ni shara nake ɗaukarsa, in ce gyare ne ko ƙarar makullan wani. Wata safiya shugabar tawagarmu, dattijuwa wadda ta fi shekara ashirin tana wannan aiki, ta tsaya a bayana ta ga ina shirin share wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ba ta ce mini komai ba. Ta miƙo hannu ta rage saurin sautin sau goma, ta ɗora mini abin ji a kunne. Abin da na ji ya sa tsikar jikina ta tashi: wani kira siriri mai hawa da sauka, ya tsaya, wani ya amsa masa daga nesa, na farkon ya sake. Ta ce, "Ɗa ne yake kiran uwarsa, ita kuma ta amsa. Wata nawa ka yi kana share su?" Kunya ta hana ni ƙirgawa.

Daga baya na san cewa masana sun daɗe da karkasa waɗannan kiraye-kirayen. A 2003 wasu Jamusawa biyu, Pfalzer da Kusch, sun naɗi muryoyin jemagun Turai iri 16, suka ga sun kasu gida huɗu, kuma har yau da rabon nasu muke aiki. Akwai tsawa mai kaushi ta faɗa, irin wadda ake yi in wani ya matse wani a makwanci. Akwai kururuwar neman agaji mai karkarwa, wadda jemage ke yi in an kama shi. Akwai gajeren kira mai lanƙwasa da ke tsakanin uwa da ɗa. Sai kuma mai sarƙaƙiya kamar waƙa, wanda maza suka fi yi lokacin neman mata ko tsare wurin kiwo.

Na uwa da ɗa shi ne ya fi shafar aikina. Daga watan Mayu matan sarotin sukan taru a rufi guda, sau da yawa su goma sha biyar zuwa talatin, ba maza a cikinsu. Wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli kowace ta haifi ɗa guda, tsirara, ba gashi. Da almuru iyaye su fita kiwo su bar 'ya'yan a dunƙule wuri guda don ɗumi. In uwa ta dawo cikin dare, ga duhu, ga jarirai masu kama ɗaya, da murya take fara laluben nata, sannan ta tabbatar da ƙamshi. Kowane jariri da irin kukansa, kamar yadda mace a gidan yawa takan ce "wannan nawa ne" tun daga madafi. Sai ɗan ya kai mako uku zai fara gwada tashi, kuma yakan kai mako shida kafin ya dogara da kansa. A tsakanin nan, rufin nan shi ne duniyarsa.

Wata ranar Yuli aka kira mu wani ƙauye. Matar gidan ta gaji da tsiwirwirin da take ji a saman ɗakin barcinta da yamma, ta zaci ɓeraye ne, ta kira magini ya cika ramin da ke ƙarƙashin kan rufin da kumfar nan mai sandarewa. Da dare ya yi aikin, bayan ya tashi daga wani wurin, wato bayan iyayen sun fita. Washegari maƙwabcinta ya ga jemagu suna ta kewaya gidan, ya yi waya. Muka isa da magariba. Ban taɓa jin na'urata ta cika da kira irin na ranar ba. Iyayen na zuwa su daki bangon daidai inda ƙofar take a da, su manne, su yi kira, su saki, su sake zagayowa. Da na kara na'urar a jikin bango, ga amsar nan tana fitowa daga ciki, a raunane. Matar tana tsaye a gefena da rigar sanyi. Na miƙa mata abin ji. Ta saurara kamar minti guda, ta cire, ta ce a kawo tsani. Abokin aikina mai lasisi ya hau ya farke kumfar da wuƙa, muka ja da baya muka kashe fitilu. Kafin rabin awa sun fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ba duka 'ya'yan suka rayu ba. Kwana biyu bayan haka mun tsinci uku a ƙasa.

Ban ga laifin matar sosai ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata. Tsiwirwirin da ke damunta hirar da suke yi ce kafin fita, wadda takan fi yawa a ranar zafi, kuma da ta yi haƙuri zuwa ƙarshen Agusta da sun watse da kansu. Shi ya sa a ƙasar ake kauce wa aikin rufi mai jemagu a watannin haihuwa, kuma sai da lasisin hukumar Natural England ake taɓa makwancin.

Abin da ke ba ni haushi a sana'ar yanzu shi ne dogaro da manhajar da ke tantance sauti da kanta. An fi horar da ita a kan kiran farauta. In ta ci karo da hira, sau da yawa sai ta jefa ta kwandon shara ko ta laƙaba wa wani jemage dabam. Ko a kiran farautar ma, sarotin in ya shiga tsakanin bishiyoyi muryarsa kan yi kama da ta wasu manyan jemagu biyu na ƙasar. Matashin ma'aikaci ya danna maɓalli, rahoto ya fito cewa jemage ɗaya ya gitta, alhali gidan haihuwa ne sukutum. Kiran farauta yana gaya maka wa ya wuce. Hirar ce ke gaya maka me ake yi a wurin, kuma a kanta ya kamata hukunci ya tsaya.

A kan maza kuwa, abin da ya fi ba ni dariya daga Amurka ya zo. Akwai ɗan uwan sarotin na kusa a can, babban jemage mai ruwan ƙasa. A 2014 Genevieve Wright da Cynthia Moss da abokan aikinsu a jami'ar Maryland sun nuna cewa in biyu suna farauta wuri guda, namiji yakan saki wani jerin kira na musamman, ɗayan ya ja da baya, mai kiran ya fi samun kama ƙwaron. Kowane namiji da salon nasa. Wato dai "wannan nawa ne, kauce", har da sa hannu. A 2016 kuma tawagar Yossi Yovel a Tel Aviv ta tace kusan kira 15,000 na jemagun Masar masu cin 'ya'yan itace, ta ga yawancinsu gardama ce: kan abinci, kan wurin kwana, kan namijin da ya matsa wa mace. Zaman gidan haya sak.

Gargaɗi guda, kuma ba wasa a cikinsa. Kada ka ɗauki jemage da hannu tsirara, ko da jariri ne ya faɗo yana kuka. Sarotin na iya ɗauke da ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare, wadda aka fara ganowa a jikinsa a Birtaniya a Dorset a 2018. Mu duk an yi mana rigakafi, kuma da safar hannu muke aiki. A gida ma akwai 'yar uwarta da aka gano a jikin babban jemage a Legas tun 1956. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru.

Sarotin na Turai ba ya zuwa ƙasar Hausa, amma muna da ƙananan dangi masu amsa sunan, har da wani ɗan mitsitsi da ke kwana a cikin naɗaɗɗen ganyen ayaba. Waɗanda suka fi cika silin ɗin makarantu da masallatai kuwa wani dangi ne dabam, masu wutsiya a sake kamar ta ɓera. Su ma galibi haihuwarsu tana bin damina, lokacin da ƙwari suka yawaita. Na san warin kashinsu, na yi karatu a ƙarƙashinsa, ba zan ce kowa ya zauna da shi ba. Amma toshewa tana da lokaci da hanya: a bari 'ya'ya su tashi, a rataya ƙyalle ko leda a bakin ramin yadda mai fita zai fita amma ba zai iya komawa ba, bayan 'yan kwanaki a toshe. Wanda ya toshe da damina, gawa zai tara a saman kansa, kuma warin ya fi na da.

Da na je gida hutu bara, na kunna wa Hajiya sautin nan na uwa da ɗa, wanda aka rage wa sauri. Ta kara wayar a kunne, ta sa na maimaita sau uku. Sannan ta ce, "Wannan ƙaramin yunwa yake ji." Ta miƙo mini wayar, ta ƙwala wa ƙanena kira, ta ce ya je ya gaya wa kafinta maganar silin ɗin zaure a bar ta sai bayan kaka.