Fulawa Nawa Burodi Ɗaya Yake Ci?

Aikina duba littattafan ƙananan 'yan kasuwa ne, galibinsu masu gidajen burodi da mata masu yin cincin da fanke na sayarwa. Akwai tambayar da nake yawan yi musu: babban burodi ɗaya fulawa nawa yake ci? Amsar kusan iri ɗaya ce kullum: "Ai Malam kwaɓi ɗaya ake yi, sai a yayyanka." Haka ne. Amma ranar da aka kawo odar biki ko ta Sallah, wanda bai san amsar ba kintace zai yi a shagon mai fulawa. Ko ya sayo ta yi yawa jarinsa ya kwanta a sito, ko ta yanke masa da tsakar dare, yara na zaune, tanderu na cin itace a banza.

Alhali amsar na nan cikin littafinsa, in dai yana rubuta abin da aka gasa da fulawar da aka ɗiba kowace rana.

Ga misali da lambobi masu sauƙi. Ranar Litinin an gasa manya 40 da ƙanana 50, fulawa kilo 30 ta tafi. Ranar Talata manya 60, ƙanana 100, buhu guda cur, wato kilo 50. Abu biyu muke nema, cin babba da cin ƙarami, kuma kwana biyu muke da su. Sun isa.

Ka ninka Litinin sau biyu, kamar a ce an gasa manya 80 da ƙanana 100 da kilo 60. Dalilin ninkawar shi ne ƙananan su zo daidai da na Talata, 100 nan, 100 can. Sai ka cire Talata daga ciki. Ƙanana sun tashi ke nan, saura manya 20 da kilo 10. Ashe babba rabin kilo yake ci. Koma kan Litinin ta asali: manya 40 sun cinye kilo 20, ragowar kilo 10 na ƙanana 50 ne, kowanne giram 200. Yanzu in uwar amarya ta ce a yi mata manya 150 da ƙanana 250, kilo 75 ne da kilo 50, buhu biyu da rabi. Haka za ka bi suga da bota, kowanne da nasa lissafin. Ni nakan ce a ɗan ɗora wani abu a kai saboda wadda ake barbaɗawa a tebur da wadda ke liƙewa a buhu.

Wannan shi ne lissafin nan na x da y da aka koya mana a sakandare, wanda da yawanmu muka ce ba zai amfane mu a kasuwa ba. Tun a zamanin dā ma an yi shi a kan hatsi. A wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda ya kai wajen shekara 2,000, babi na takwas ya fara ne da dammunan hatsi iri uku, mai kyau da matsakaici da na baya, ana neman abin da kowane dami zai bayar. Da ninkawa da cirewa suka warware shi.

Inda mutane ke tuntuɓe guda uku ne, kuma na farkon ya fi yawa. Kada ka ɗauki kwanakin da ɗaya ninkin ɗaya ne. In Litinin 40 da 50 ce, Talata kuma 80 da 100, da ka cire komai zai tashi, ba abin da zai rage, don magana ɗaya ce aka maimaita. Nemi ranar da manya suka rinjaya da ranar da ƙanana suka rinjaya. Sannan ka ƙirga abin da ya shiga tanderu, har wanda ya ƙone da wanda yara suka yi kalaci da shi, ba wanda aka sayar kaɗai ba. Kuma a auna da sikeli. Mudu ya danganta da hannun mai awo, wani ya tula, wani ya shafe.

Mai burodi iri uku kwana uku zai ɗauka. Kowa kuma ya gwada amsarsa a kan wata rana daban kafin ya je sayayya da ita.

Bayan wata guda ka sake lissafin. In ka ga babba ya koma cin giram 600, wani abu ya canza. Ba na son mai gida ya yi saurin zargin yaransa, don sau da yawa hannun mai yanka ne ya yi nauyi. A ɗora curi biyar a sikeli tukuna. In nauyinsu na nan yadda yake, sai a fara ƙirga buhunan sito safe da yamma.