Yadda Ake Kai wa Gida Ziyarar Ba-zata a Kan Keke

Duk wanda ya shiga ƙauye da mota ya san labarinsa kan riga shi isa gida. Tun daga bakin gari yara sun bi ƙurar, kafin ya kashe inji an riga an shimfiɗa tabarma. Keke kuwa shiru yake shiga, ta lungun da ka saba bi kana yaro, sai dai Inna ta ji sallamarka a zaure. Shi ya sa idan kewar gida ta taso mini a tsakiyar mako, kekena nake fara dubawa. Ina zaune a Kano, iyayena suna wani ƙauye gaba da Wudil kaɗan: kilomita 40 da 'yan kai a kan kwalta, sannan a sauka a bi burji. Na fara wannan tafiya tun kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi mutane suka koma kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ni so ne ya ɗora ni a kan sirdi, kuma har yau ban gaji ba.

Tafiyar Asabar tun Laraba take farawa. Kekena Phoenix ne baƙi mai sanda, ɗan ƙasar Sin, mai taya inci 28, irin wanda manoma da masu sayar da itace suka amince da shi saboda ɗaukar kaya. Babanmu Raleigh ɗan Ingila ya hau a zamaninsa, kuma a wurinsa na koyi cewa keke yakan faɗi ciwonsa idan ka saurara. Ka kifa shi a kan sirdi da kai, ka juya feda da hannu, ka kasa kunne. Sarƙa idan ta bushe takan yi ƙara siririya. Ka goge ta da tsumma da ɗan kananzir, ka bari ta sha iska, sannan ka ɗiga mata mai kaɗan-kaɗan, domin man da ya yi yawa ƙura yake tarawa, ƙurar kuma ita ke cinye haƙora. Ka juya kowace taya ka zuba mata ido: in tana layi tana shafar robar birki, wayoyinta sun saki, wannan aikin mai gyara ne. Ka matsa birki na gaba da na baya, ka dubi robar ko ta cinye. Ka girgiza feda, in akwai motsi to kotafin ya saki, kada ka tafi da shi haka. Na taɓa barin wani mai gyara ya ce mini ba komai, zai kai ni. Bai kai ni ba, da ƙafa ɗaya na yi ta tuƙi daga wajen kasuwar goro ta Mariri har na samu wanda ya buga mini sabo. Dalilin yin duk wannan ran Laraba shi ne, in akwai abin saye ko na gyara, kana da Alhamis, ka kuma gwada keken a cikin gari kafin ka amince masa da hanya.

Sirdi ma a duba shi. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa ba ya nuna illarsa a zuwa kasuwa, sai an yi awa biyu gwiwa ta fara zafi.

Ran Juma'a ta tsaraba ce. A nan ne mutum ke son ya yi wa kariya lodin jaki, kuma a nan nake roƙon a yi hattara. Abin da ya fi faranta wa tsofaffi rai ba shi da nauyi: goro mai kyau a naɗe cikin ganye da jiƙaƙƙen algarara, sukari, ganyen shayi, sabulu, man zafi na Baba, turmin atamfa na Inna in aljihu ya yarda, alawa ta yara. Goron nakan saye shi tun Juma'a, domin lokacin da zan wuce kasuwar goro ta Mariri da sassafe ba a fara ciniki ba. Mai nauyi a ƙasa, mai taushi a sama, a cikin buhu guda, a ɗaure da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tub. A ɗaure ta tsaye a ɗaure ta kwance, sannan a kama buhun a jijjiga. In ya motsa a tsakar gida, a hanya zai zame. Burodi a bar shi sai an isa Wudil. Kayan faci kuma su zauna a jaka ta daban inda hannu zai kai ba sai an kwance lodi ba: famfo, sulushan, faci, guntun samfefa, sifana, da cokula biyu na ƙarfe don ɓanɓare taya. Sai gorar ruwa biyu da dabino.

Akwai abu guda da ba na sassautawa a kansa. Ba-zata ga Inna da Baba take, amma dole mutum ɗaya ya san kana hanya. Ni ƙanena nake kira daren Juma'a, in ce masa gobe ina tafe a keke, ya riƙe bakinsa. Amfaninsa biyu. In wani abu ya same ka a hanya akwai mai nemanka. Sannan shi zai gaya maka ko tsofaffin suna gida, kada ka sha tafiya ka tarar sun tafi suna ko ta'aziyya wani gari.

Asabar na zaɓa saboda Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, ranar da manyan motocin shanu ke cika titi. Da an sallame sallar asuba ka karya da abu mai riƙe ciki, koko da ƙosai ko shayi da burodi, ka jira gari ya fara wayewa yadda direba zai gan ka, sannan ka hau. Farar riga ta fi, kuma ka naɗe ƙafar wando ta dama ko ka cusa ta cikin safa saboda sarƙa. Daga unguwar Hotoro ka kama titin Maiduguri, ka riƙe gefen dama, ka bar wa masu Adaidaita Sahu wurin tsayawarsu ta ba-zata, domin su ne haɗarin farko kafin a fita gari. Kada ka sa abin jin waƙa a kunne. Kunnenka shi ne madubinka, da shi za ka san tirela ce ke tafe a baya ko ƙaramar mota, in tirela ce ka sauka gefe tun da wuri, ka riƙe kan keke da kyau, don iskarta kan ja mutum.

Awar farko ita ce mai yaudara. Jiki na da ƙarfi, gari da sanyi, sai ka ji kamar ka yi tsere. Ka danne wannan. Ka riƙe tuƙin da za ka iya magana a cikinsa ba tare da haki ba, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Da irin wannan tafiya nakan isa Wudil cikin awa 3 ko da rabi. A lokacin hunturu iskar daga arewa maso gabas take busowa, tana dukan ka a kuncin hagu tana rage maka gudu, sai ka rufe hanci da rawani ko ƙyalle ka shafa man kaɗe a leɓe. Duk da haka hunturu da kaka su ne lokutan wannan tafiya. A watan Afrilu ban ba kowa shawarar ta ba. Kuma a kaka ne hanyar ta fi kyau: dawa ta sunkuyar da kai, an jera dammunan gero a gonaki, ƙamshin ƙaiƙayi da hayaƙin safe na tashi daga rugage, ga mata Fulani ɗauke da ƙwarya suna nufar gari. Mai mota gilashi ya raba shi da duk wannan. Kai kuwa har sallama za ka yi wa mai noma ya ɗago ya amsa.

Faci zai zo, in ba yau ba wata rana, don haka gara a iya shi. Da ka ji baya na rawa ka sauka nan take, tuƙi a kan taya mara iska yakan yayyanka tub. Ka ja keken inuwa nesa da titi, ka sauke kaya, ka kifa shi. Ba sai ka cire tayar ba. Ka sa bayan cokali ɗaya ka ɗaga leɓen tayar, ka sa na biyu ɗan nesa da shi ka zagaya a hankali, kana kiyaye kada ka cije tub ɗin. Ka zaro shi, ka ba shi iska, ka bi shi kusa da kuncinka har ka ji inda yake huci. In hujin ƙarami ne ka shafa ruwa, kumfa zai tona shi. Ka kankare wurin da samfefa ya fi facin faɗi, ka shafa sulushan siriri da yatsa. Sai ka jira. Nan mafi yawa ke kuskure, suna manna faci a kan ɗanyen sulushan, ya ɗago bayan kilomita biyu. Ka bari sai ya daina sheƙi, in ka taɓa da bayan farce ya yi danƙo bai biyo ka ba, sannan ka manna ka danne da gindin sifana daga tsakiya zuwa gefe. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da yatsu a hankali, domin ƙayar da ta yi ɓarnar galibi tana nan a maƙale tana jiran sabon tub. Ka ba shi iska kaɗan, ka mayar, ka rufe leɓen da hannu, sannan ka cika.

A gadar Wudil nakan sauka in tura, don in kalli kogin da masu kwalekwale da masu ɗibar yashi. A nan nake sayen burodi da soyayyen kifi mai zafi. Bayan an bar kwalta sai burji, bayan burji sai yashi, inda ya yi zurfi a sauka a tura, ba gardama.

Yanzu ga abin da duk shirin ya taru a kansa. Ka tsaya a bayan gari, a gindin wata bishiya ko bakin rijiya, ka wanke fuska da ƙafa, ka kakkaɓe ƙura, ka sa riga mai tsabta da hula. Ka zauna har numfashinka ya daidaita. A gidajenmu ɗan da ya faɗo ba sanarwa, fuska a yamutse yana haki, tsoro yake fara kawowa kafin murna, domin zuciyar uwa mugun labari take fara kawowa. Lokacin isa ma da hikima: da hantsi, kafin a ɗora tukunyar rana, yadda za a ƙara awo ba tare da an sake wahalar girki saboda kai ba. Ka jingine keken a zaure, ka yi sallama da murya sake, irin ta wanda ba abin da ya koro shi.

Karon da ba na mantawa, Inna na bakin murhu tana tankaɗe. Ta amsa sallamar ba ta ɗago ba, sai a karo na biyu ta gane muryar. Rariyar na hannunta ta miƙe, gari ya zuba a zaninta.

"Kai! Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Inna. Ganinku kawai na zo yi."

"A me ka zo? Ban ji mota ba."

"A keke."

Ta dafa ƙirji, ta ce, "Tun daga Kano? Sannu, ɗan nan, sannu. Allah ya yi maka albarka." Na durƙusa na gaishe ta, ita kuwa tana ta ƙwala wa ƙanwata kira ta kawo ruwa da fura. Amsar nan ta "lafiya lau" a ba da ita da sauri, tun kafin gaisuwa, tun kafin a sauke kaya.

Baba bai ce komai a kan tafiyar ba. Da muka gaisa na miƙa masa goro, sai ya fita zaure, ya tsuguna gaban keken, ya matsa taya da babban yatsa, ya juya feda baya yana sauraron sarƙa. Ya ce, "Ka kula da shi." Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda yake kai gyaɗa kasuwa a kan Raleigh ɗinsa, labarin da ban taɓa ji ba sai ranar. Da yamma yaran gida suka yi layi, na riƙa goya su ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin gona, ƙaramin cikinsu a kan sanda yana ta kaɗa ƙararrawa. Ka ware wa wannan lokaci, ka kuma ware na zagaya Gwaggo da Kawu, domin da keke a hannu ba ka da uzurin barin kowa.

Komowa ran Lahadi ce, kuma lissafinta daga magariba ake yin sa a dawo baya. Wannan titi ba na dare ba ne ga mai keke. In da sanyin hunturu ne, da an idar da azahar ka kama hanya. In da zafi, ka yi sammako. Ka ƙara wa tayar baya iska tun da safe, domin kariyar ba za ta koma fayau ba. Inna za ta fito da ƙullin kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, da gyaɗa, da tiyar gero, wani lokaci har da zabo an ɗaure masa ƙafa. Ka karɓi abin da keke zai iya, sauran ka roƙe ta da lallami ta ajiye maka sai wani zuwan. Baba da kansa yake ɗaure mini lodin, ya ja igiyar robar sau uku, ya jijjiga buhun, sannan ya riƙe mini keken har in hau.