Nakasar da Ido Ba Ya Gani: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A zamanin En'e, idan lokacin ƙidayar haraji ya yi, Malamin Hakimi ba ya shan wahala wajen gane wanda za a ɗauke wa biya. Makaho ga shi da sanda da ɗan jagora, gurgu yana rarrafe, kuturu kuwa hannuwansa sun ishe shi shaida. An soke haraji tun 1979, zamanin Gwamna Balarabe Musa, sa'ad da ƙasar Katsina ke cikin Jihar Kaduna, amma al'adar auna nakasa da ido tana nan har yau. Saboda haka ne a kan ga mutum ya zo ƙofar Yandaka a Dutsin-Ma, ko ƙofar Maradi a Kurfi, da ƙafafunsa, jiki sumul, yana neman taimako, sai a ce masa, "Kai da ka ke ƙato, me ya same ka?"

To, akwai nakasa iri iri wadda riga ke rufewa. Mai farfaɗiya ya kan yi wata guda lafiya lau, ran nan sai ya faɗi a bakin wuta ko a bakin ruwa. Irin wannan mutum ba shi da halin su a madatsar Zobe, ba shi da halin tuƙin mota. Mai amosanin jini, watau sikila, ya kan wuni a kasuwa yana ciniki, dare ya yi ƙasusuwansa su kama ciwo kamar ana sara. Wannan cuta gado ce daga uwa da uba duka biyu, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irinta ba tare da ta kwantar da shi ba. Akwai mai nauyin kunne, wanda a ke zargi da girman kai don bai amsa sallama ba. Akwai macen da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, ta ƙaurace wa biki da suna don kunya, alhali kuwa ana ɗinke wannan lalura a asibitin Babbar Ruga kusa da Katsina. Sa'an nan ga waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka bari da firgita: ba barci, ba natsuwa, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa su gudu.

Dokar tarayya ta hana nuna bambanci ga masu nakasa, ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Janairu 2019, ba ta tsaya ga abin da ido ke gani ba. A wurinta nakasa ita ce tawaya mai daɗewa, ta jiki, ko ta hankali, ko ta fahimta, ko ta ji da gani, wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Ya kamata a lura da kalmar "mai daɗewa". Sunan cuta kaɗai bai isa ba. Mutum biyu su kan kasance da sikila, ɗaya yana noma gonarsa, ɗaya kuwa rabin shekara a kwance ya ke yi. Abin dubawa shi ne me ciwon ya hana shi yi, kuma tun yaushe.

Mutane da yawa suna tsammani wannan doka ta yanka wa kowane mai nakasa albashi a wata. Ba haka ba ne, kuma gara Hakimi ya faɗi wannan a fili tun da wuri. Abin da ta tanada shi ne ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, da magani kyauta a asibitocin gwamnati ga mai lalurar hankali, da fifiko a kan layi, da ƙoƙarin ba masu nakasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Wanda ya wulakanta mutum saboda nakasarsa, tarar Naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. In kamfani ne, Naira 1,000,000. Tsakanin abin da ke rubuce da abin da talaka ke samu a hannu akwai tafiya, amma wanda ba shi da takarda ko hanyar ma bai kama ba.

Takardar shaidar nakasa ta Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa ce, wadda aka kafa a 2020, kuma bisa binciken likita a ke bayar da ita. Iri biyu ce: ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180, da ta dindindin, in lalurar ta zarce haka. Wanda ya ba da ita ko ya karɓa ta hanyar ƙarya ya yi laifi, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara guda. Ma'aikaci kuma yana da wasu ƙofofi biyu. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da kurumta da damuwar hankali in aiki ne ya jawo su. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta yarda mutum ya taɓa ajiyarsa kafin ya kai shekara 50 idan likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba.

Hakimi ba likita ba ne, Malaminsa ma haka. Amma su ne suka fi likita sanin zaman mutum a gari. A ɗauka wani magidanci na ƙauye ya zo ya ce farfaɗiya ta hana shi sana'a. Kada Malami ya rubuta "yana da farfaɗiya", domin wannan hukuncin asibiti ne. Sai ya tambayi Dagaci da Mai Unguwa, ya rubuta abin da suka shaida: sau nawa ya faɗi a daminar bana, yaushe ya bar aiki, wa ke ciyar da iyalinsa. Sa'an nan a ba shi wasiƙa zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, daga can in da bukata a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. A gargaɗe shi ya adana katin asibiti da takardun magani, ko da sun tsufa, domin da su likita zai gane daɗewar ciwon.

Kada kuma a yi masa tambayoyi a zaure cike da fadawa. Mai taɓin hankali da mai yoyon fitsari ba za su buɗe baki gaban jama'a ba, kuma uba ya kan ɓoye farfaɗiyar 'yarsa don tsoron kada ta rasa miji. Sai a keɓe su. In mace ce, a nemi wata dattijiya ko malamar asibiti ta ji ta bakinta, littafin da aka rubuta sunayensu kuwa a kulle shi cikin akwati, mabuɗin yana hannun Malami shi kaɗai.