Amsoshin Tambayoyinku: Horo ga Masu Cutar Mantuwa

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce mahaifiyarta na fama da cutar mantuwa, shin akwai horon da zai taimaka mata da hidimomin yau da kullum?

To Malama, akwai, amma fa ba warkarwa yake yi ba. Ma'aikacin lafiya kan zauna da mahaifiyar taki da iyalinta, a zaɓi abin da ita kanta take so ta riƙa yi, kamar shan magani kan lokaci ko kiran 'ya'yanta a waya. Sai a karkasa aikin daki-daki, a yi ta maimaitawa ana ƙara tazara, a kuma jingina shi da abin da ta saba, misali magani bayan sallar Asuba.

An gwada wannan a Ingila da Wales ƙarƙashin Farfesa Linda Clare, da mutum 475 da cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba, aka fitar da sakamako a 2019. Waɗanda aka horar sun fi iya ayyukan da suka zaɓa, sai dai mantuwar na nan.

Game da mahaifiyar taki kuma, don Allah a daina tsare ta da "Kin gane ni?", kowa ya faɗi sunansa kawai. A fara kai ta asibiti tukuna, domin ƙarancin bitamin B12 ma na kawo mantuwa, kuma yana jin magani.