Yadda Ake Bin Diddigin Sunan Dangi a Ingila: Misalin Thatcher

Idan kana son sanin asalin wani sunan dangi na mutanen Ingila, ko don nazari ko don surukuta ta haɗa ku, fara da gano irin sunan. Yawancinsu daga sana'a suka fito, ko gari, ko sunan uba, ko laƙabi. Thatcher sana'a ce, wato mai baibaye ɗaki da ciyawa. Kamar dai yadda muke cewa Audu Maƙeri, sai dai a can sunan ya zama gado, jika na amsa shi ko bai taɓa hawa jinka ba. Al'adar ta kankama ne bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, kuma zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun tsaya a kan suna ɗaya.

Kada ka kafe a kan rubutu guda. A arewacin ƙasar za ka tarar da Thacker da Theaker, duk sana'ar ce, lafazi ne ya bambanta, kuma magatakardan da can abin da kunnensu ya ji suke rubutawa. Ƙamus ɗin sunayen dangi da Oxford ta buga a 2016, mai sunaye fiye da 45,000, zai nuna maka irin waɗannan rassa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a ɗauka ma'anar suna ita ce tarihin gida. Ƙauyuka da yawa suna da mai baibayarsu, don haka masu suna Thatcher biyu na iya zama babu dangin iya babu na baba. Ga kuma aure: Margaret Thatcher 'yar Alfred Roberts ce, mai kanti a Grantham, sunan mijinta Denis ta ɗauka a 1951. Mai neman kakanninta a ƙarƙashin Thatcher ya kama hanyar gidan wasu.

Saboda haka ka fara da mutumin da ka tabbatar da shi, ka riƙa komawa baya uba bayan uba. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta soma a Yulin 1837, kuma shafin FreeBMD na ba da jerin sunayenta kyauta. Ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921 tana nuna mutanen kowane gida. Ta 1931 ta ƙone a wata gobara a 1942, sai ka nemi rajistar jama'a ta 1939 a madadinta. Kafin 1837 littattafan coci ne madogara, waɗanda Thomas Cromwell ya ba da umarnin ajiyewa a 1538, ko da yake da yawa daga na farko-farko sun salwanta. Duk sunan da ba ka ga takardar da ta haɗa shi da na gabansa ba, ajiye shi gefe tukuna.

Masu sayar da “tambarin dangi” a intanet kuwa, kada ka ba su ko sisi. A Ingila mutum guda ake ba wa tambari, magadansa su gada, ba duk mai sunan ba.