Tankaɗe Tsakin Hoto: Nazari a kan Yadda Kwamfuta Ke Tace Hoton da Ta Ƙirƙira

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kalli finafinan zane na zamanin nan, irin waɗanda kamfanonin Pixar da Disney ke fitarwa, zai ga hoto sumul, haske yana sauka a kan fuska da tufafi tamkar da rana tsaka aka ɗauka. To, amma babu kyamarar da ta ɗauki waɗannan hotuna, lissafi ne ya haife su a cikin kwamfuta. Kuma a fitowarsa ta farko irin wannan hoto yakan zo ne cike da ɗige-ɗige, fari da baƙi, kamar an watsa masa rairayi. Masana fannin sun ari sunan wannan aibi daga harkar rediyo, suna ce masa hayaniya. A wannan maƙala za a kira shi tsaki, domin ya fi kama da abin da ke saura a cikin garin da ba a tankaɗe ba. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana inda tsakin yake fitowa, da hanyoyin da aka bi don a rage shi, da kuma abin da ake asara wajen tankaɗen.

2.0 Asalin Tsaki

Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera. Allon da ke da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kuma tilas ne a san launin kowane ɗaya. Launin kuwa ya dogara ne ga hasken da ya isa wurin. Haske ba ya tsayawa inda ya fara sauka. Yakan bugi bango, ya koma kan daɓe, ya sake tashi ya haska ƙarƙashin kujera. A shekarar 1980 Turner Whitted ya nuna yadda kwamfuta za ta bi sawun tsirkiyar haske ta cikin gilashi da madubi. A shekarar 1986 kuma James Kajiya ya tattara tafiyar haske duka a cikin ƙa'idar lissafi guda. Matsalar ita ce, hanyoyin da haske ke bi ba su da iyaka, babu na'urar da za ta bi su duka.

Saboda haka Kajiya ya ba da shawarar a riƙa zaɓen wasu hanyoyi da ka, a bi su, sannan a ɗauki matsakaicin abin da suka kawo. Wannan dabara ta zaɓe da ka ta girme shi. Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka yi amfani da ita a Los Alamos ta Amurka cikin shekarun 1940, aka kuma laƙaba mata sunan Monte Carlo, watau wurin cacar nan na ƙasar Monako.

Alal misali, a ɗauki mai sayen shinkafa da ke son sanin yawan tsakuwar da ke cikin buhu. Ba zai tsince buhun duka ba, sai ya zura hannu ya ɗebo tafi guda ya duba. Wani ɗiban zai zo da tsakuwa uku, wani ba ko ɗaya. Idan ya yanke hukunci da ɗiba ɗaya, to, ko ya zalunci mai kaya ko ya cuci kansa. Haka abin yake ga ɗigon hoto. Ɗigo biyu maƙwabta, waɗanda ya kamata launinsu ya zo ɗaya, sai wannan ya yi sa'a tsirkiyarsa ta faɗa kan fitila, wancan kuwa tasa ta ɓace a lungu. Sai ɗaya ya yi fari fat, ɗaya ya yi duhu. Wannan saɓani shi ne tsaki.

3.0 Tsadar Haƙuri

Magani na farko shi ne a yawaita ɗiba. Sai dai lissafi ya gindaya sharaɗi mai tsauri: kafin tsaki ya ragu da rabi, sai an ninka yawan tsirkiyoyin sau 4. Idan hoto ya ci awa 1 da tsirkiya 100 a kowane ɗigo, rage rabin tsakinsa zai buƙaci tsirkiya 400 da awa 4, sake rage rabi kuma zai buƙaci 1,600 da awa 16. Fim kuwa yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, ke nan fim mai minti 90 yana da hoto 129,600. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma a nan itacen dahuwar kuɗi ne da wutar lantarki.

Wannan ne ya sa aka nemi hanyar ɗiba da basira. Maimakon a watsa tsirkiyoyi ko'ina, sai a fi tura su inda haske ya fi fitowa, kamar taga ko fitila, sannan a gyara lissafin don kada a yi son kai. Eric Veach da Leonidas Guibas na Jami'ar Stanford sun nuna a shekarar 1995 yadda za a haɗa irin waɗannan dabarun ɗiba wuri guda. Duk da haka tsakin bai ƙare ba, raguwa ya yi.

4.0 Rariya Iri-iri

Magani na biyu shi ne a bar hoton ya fito da tsakinsa, sannan a tankaɗe. Rariya mafi sauƙi ita ce a gauraya launin kowane ɗigo da na maƙwabtansa. Tsaki zai kwanta, amma gefen abubuwa zai dushe, hoton ya zama kamar ana kallonsa cikin hazo. A shekarar 1998 Carlo Tomasi da Roberto Manduchi suka bayyana rariyar da ba ta gauraya ɗigo sai da maƙwabcin da launinsu ya yi kusa, don haka iyakar baƙar riga da farin bango ba ta ɓacewa. A shekarar 2005 Buades da Coll da Morel suka faɗaɗa abin, suka ce a nemo wuraren da suka yi kama da juna ko da suna nesa a cikin hoton.

Bugu da ƙari, hoton kwamfuta yana da wata gata da hoton kyamara ba shi da ita. Tun da na'urar ce ta gina komai, ta san ainihin launin kowane abu kafin haske ya taɓa shi, ta san inda ya fuskanta, ta san nisansa. Waɗannan bayanai kusan ba su da tsaki, su ne ke nuna wa rariyar inda za ta tsaya.

A shekarar 2017 aka shiga sabon babi. Masu bincike na Disney da Pixar da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka koya wa na'ura tankaɗe ta hanyar nuna mata hotuna bibbiyu daga fim ɗin Finding Dory, ɗaya mai tsaki, ɗaya tatacce, har ta gane yadda ake fita daga wannan zuwa wancan. A shekarar 2019 kamfanin Intel ya saki tasa rariyar mai suna Open Image Denoise kyauta, aka kuma sa ta cikin manhajar Blender a wannan shekara. Ta haka ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta ya sami abin da a da sai manyan kamfanoni.

5.0 Abin da Rariya Ke Ci

A nan ne ya kamata mai nazari ya yi hattara. Rariya ba ta ƙara ko tsirkiya ɗaya, hasashe take yi a kan abin da aka ba ta. Idan ɗiban ya yi kaɗan ainun, ba za ta iya bambance tsaki da ƙananan abubuwa na gaskiya ba. Zaren saƙa, da silin gashi, da ƙurajen fuska, duk tana iya shafe su, fata ta koma kamar roba. Haka kuma a fim, idan ta yi wa hoto na farko hasashe iri ɗaya, na biyu wani iri, sai bango ya riƙa ƙyalƙyali alhali ba ya motsi. Watau an yi musayar kuskure ne: an ba da wanda ido ke gani, an karɓi wanda ya ɓuya. Ga mai fim wannan ciniki ne mai riba. Amma mai zanen gini da ke son ya san ko haske zai wadaci ɗaki, shi ya wajaba ya tambayi yawan ɗiban da aka yi kafin tankaɗe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsaki ɗan halak ne na dabarar zaɓe da ka, kuma kawar da shi da yawan ɗiba kawai yana da tsada ƙwarai. An kuma ga yadda rariya ta taso daga gauraye na kai tsaye zuwa na'urar da aka koya wa aikin. Ƙwararru kan haɗa hanyoyin biyu ne, su yi ɗiba gwargwadon hali, sannan su tankaɗe a hankali, suna kwatanta abin da ya fito da hoton farko don su ga ko wani abu ya salwanta. Mai tankaɗe dai takan duba abin da ya saura a rariya kafin ta zubar, domin wani lokaci akwai abinci a ciki.