A kawo fitsari kafin a sha magani

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake yi, kuma babu abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kamar fitsarin da ake kawo mana bayan an gama zagayen kemis. Mace za ta ji zafi in tana fitsari, tana zaryar bayi, mara na ciwo, sai a ce sanyi ne, a ƙirgo mata Ampiclox ko Septrin na kwana biyu. Ciwon ya lafa, ya sake tasowa. Sai a lokacin a turo ta wurinmu. Mu shuka fitsarin, ƙwayar cutar ta ƙi tsirowa saboda ragowar maganin ya danne ta, takarda ta fita ba a ga komai ba, baiwar Allah kuwa tana ta fama.

Yawanci ƙwayar E. coli ce ke kawo ciwon mafitsara, ita kuwa a hanji take zaune, daga dubura take ratsowa. Bututun fitsarin mace kimanin santimita 4 ne, na namiji ya kai 20, shi ya sa mata suka fi kamuwa. Don haka wajen tsarki a fara daga gaba a koma baya, a sha ruwa sosai, a daina riƙe fitsari.

Gwajin tsoma tsinke a fitsari minti kaɗan ne, amma alama kawai yake bayarwa. Shuka ce ke faɗin sunan ƙwayar da maganin da zai kashe ta, tana kuma ɗaukar awa 48 zuwa 72. Wannan jiran ne mutane ba sa so, alhali in ciwon ya matsa likita na iya fara magani da zarar an karɓi fitsarin. A karɓi kwalba daga asibiti, a yi tsarki, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya, a kawo kafin awa biyu. Don Allah a daina kawo shi a tsohuwar kwalbar magani.

Kuma ba kowane sanyi ne ciwon mafitsara ba. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri sau da yawa wata cuta ce daban, wadda waɗannan magunguna ke ƙara rura ta. Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a kududdufi, tsargiya za a fara nema.

Abin tsoron shi ne ciwon mafitsara ya haura ƙoda: zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon kwiɓi da amai. Sau da yawa maleriya ko taifot ake ta yi wa magani a wannan hali. Mai juna biyu kuwa tana iya ɗauke da ƙwayar ba ta jin komai, har ta jawo mata haihuwar bakwaini. 'Yar'uwa, in kin je awo, ki tabbata an duba fitsarinki. In an rubuta miki magani, ki sha shi har ranar da likita ya yanka, ko da zafin ya tafi.